Ranar Da Na Cika Filin Ƙwallo Da Dattawa

Wauta dai na yi ta iri-iri a rayuwata, wasu ma na manta su. Na taɓa kai akuya kasuwar Hunkuyi, an gama ciniki, ta juyo ta dube ni, na kwance ta na dawo da ita gida. Makaranta kuwa ban daɗe ba malam ya ce wa babana gara a mayar da ni gona kafin in lalata masa sauran yara. Amma duk cikinsu babu wadda take tsaya mini a wuya kamar wadda na tafka da furfurata da ragowar haƙorana a kan filin ƙwallon garinmu. Kuma in faɗa tun yanzu, ban yafe wa kowa ba, har da ni.

Garin namu ƙarami ne, tsakanin Hunkuyi da Kudan, kuma abin da muke da shi wanda ake tasowa daga wani wuri a zo gani shi ne filin nan. Ba ma namu ba ne. Gonar wani bawan Allah ce, ya ba mu aro tun muna samari. Mu muka cire kututtura, muka kafa sandunan raga, muka riƙa zuba layi da toka. Ni ban taɓa iya ƙwallo ba, ƙafafuna biyu ba sa shiri da juna. Aikina baki ne. Bayan ragar baƙi nake tsayawa in sa golansu a gaba. "Kai gola, wannan kan naka a ina aka sassaƙa shi? Hannun nan ai tuwo kaɗai ya iya kamawa!" Haka zan yi ta yi har ya juyo zai rama, a zura masa. Daga Makarfi har Ikara an san ni. A lokacin in ana wasa ba ka jin maganar na kusa da kai: ganga, gwangwani, fito, masu rake na ta sara, mutane har kan mangwaro.

A filin muka tsufa. Aka yi mana benci a gindin mangwaron, muna zama da carbi da goro. Samari kuwa suka riƙa raguwa. Wani yaro ya kafa rumfar kwano a bakin tasha, ya sa talabijin da janareta, ya ce gidan kallo. Shi ke nan, gari ya koma can. Yaron da bai taɓa wuce Zariya ba sai ka ga ya sa jesin wani gari na Turai, yana cewa "mun ci, mun sayi ɗan wasa". Ku da wa? Da kuɗin tumatir ɗin ubanka kuka saye shi? Ga 'yan'uwansu nan na jini suna buga ƙwallo a rana, babu mai zuwa ya ce musu sannu. In ma wani ya yi ɓatan kai ya zo, ya ɗaga murya ya yi ashar, mukan kira shi mu tambaye shi ɗan gidan wane ne. Ai ba a barin yara haka.

Da mai filin ya rasu, ɗansa ya gada. Mutum ne marar hayaniya, amma ya san abin da gona take bayarwa. Wani rani ya zo ya same mu a benci, ya tsugunna ya gaishe mu, sannan ya ce, "Iyayena, Baba ya ba da wurin nan ne don jama'a. Ni kuwa in na zo ba na ganin jama'a, ku nake gani da awaki. Akwai wasanku da 'yan Malikanchi kafin ruwa ya sauka, zan zo in gani da idona. In mutane na so, na bar muku. In ba haka ba, shanun huɗa za su shiga."

Muka kira taro. Shugaban kulob ɗin ƙwallonmu mai sayar da taki ne, ya ce a ɗauko lasifika a zaga gari. Kocin yaran kuwa malamin firamare ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ce, "Baba, ni a ganina a bar wa samari gefe guda na filin, su zo da gangarsu su yi abin da suke so, kada a ce musu kanzil. Kuma a kauce wa lokacin da ake nuna wasan Turai."

Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Malam, mu ne za mu kauce wa Turawa a garinmu? Mu roƙi 'ya'yan da muka haifa? A garin nan ba a haifi yaron da ubansa zai ce tashi ya ƙi tashi ba. Ku bar ni da iyayen."

Malam ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurata, ya rufe. Shugaba ma ya ce, "Yadda ka ce, Baba." Har yau ina jin haushinsu. Mutum goma sha a zaune, da masu ilimi da masu kasuwa, an rasa wanda zai ce tsohon nan zauna, ba ka da hankali.

Na ɗauki sandata na bi gida-gida kamar mai gayyar ɗaurin aure. Wani dattijo da bai taɓa taka filin ba ya ce, "Ƙwallo kuma? Da girmana?" Na ce, "Ba kallo za ka yi ba, Alhaji, yaranka za ka koro gabanka, ka zauna ka tabbatar ba su gudu ba." Na shiga unguwar Kiristoci wurin wani tsohon abokina, dattijo ne a cocinsu, tare muka yi aikin mazarƙwaila a Makarfi muna matasa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai dai ba za ka mutu da hankalinka ba." Amma ya ce zai zo da nasa. Kowa na je wurinsa sai ya ji daɗi, don an tuna masa shi ne mai gida.

Ranar wasa, bayan la'asar, wallahi filin ya cika. Ban taɓa ganin taro irinsa a wurin ba. Dattawa a gaba, kan tabarmi da kujerun roba, samari a bayansu jere. Mai filin ya zo ya kafe babur ɗinsa a gefe, ya tsaya yana kallo. Ni kuwa ina ta kai da kawowa da babbar riga, ina jin kamar ni na gina garin.

Alƙalin wasa ya hura usur. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji a filin nan ba: ƙarar ƙwallo. Kowane bugu kana jinsa, tim, tim, har numfashin 'yan wasa. Samarin suna tsaye hannu a baya, huluna a kai, kamar an zo zaman makoki. Wasu sun saƙala abin ji a kunne ɗaya, waya a aljihu, suna bin wasan Turai a ɓoye. Duk dattijon da ya iso kuma, sai ka ga layi guda ya zube ƙasa. "Ina wuni, Baba. Ina gajiya. Ya iyali. Ya zafi." Kafin su miƙe wani ya iso, su sake zubewa. Ɗan wasanmu na gaba ya yanke mutum biyu yanka mai kyau, irin wanda a da sai an jefa huluna sama. Wani saurayi ya sa yatsu a baki zai yi fito, babansa ya ɗan juyo da kai, yaron ya mayar da yatsun kamar yana sakace.

'Yan Malikanchi kuwa a mota ɗaya suka zo, ba su kai cikin cokali ba. Amma sun baro tsofaffinsu a gida. Suka kama kusurwa guda da ganga da gwangwanaye, suna waƙa suna zagin 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, har da launin wandunansu. A garinmu! Gari guda a tsaye, an rasa mai ramawa.

Na ce to bari in nuna wa yaran nan yadda ake yi. Na zaga bayan ragar baƙi, na gyara murya. Golansu wani dogo ne mai kunnuwa kamar faranti, Allah ya kawo mini abinci har gida. Na buɗe baki ke nan, sai na ga wanda ke zaune daf da wurin: mahaifin matar ɗana, ga limamin unguwarmu a gefensa, dukansu ni na gayyato su. Suka ɗaga mini hannu. Na haɗiye zagin. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kai gola, Allah ya shirye ka." Yaron ya juyo ya ce, "Amin, Baba, na gode."

Ana dab da tafiya hutu abin ya faru. Golanmu yaro ne mai hannu, ba a daɗe da yi masa aure ba. Surukinsa, wato baban amaryar, ya makara, ya taho yana dogara sanda, kuma maimakon ya zaga ta hanya sai ya yanko ta bayan raga. Da ya zo daidai yaron ya tsaya ya ce, "A'a, sannu da aiki." To ku gaya mini, yaron da aka haifa a ƙasar nan, surukinsa ya yi masa magana a gaban duk dattawan gari, me zai yi? Ya juya wa fili baya, ya cire safar hannu, ya tsugunna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, ina wuni." Wani ɗan Malikanchi ya hango shi daga tsakiyar fili, ya ɗaga ƙwallo. Ba ma da ƙarfi ba. Ta faɗo, ta yi tsalle, ta gangara ta wuce ta gefen yaron ta kwanta a raga. Tsohon kuwa bai ma lura ba, yana cewa, "Ya mutanen gidan? Ta warke daga zazzaɓin?"

Gangar baƙi ta tashi. Ni kuma duk abin da na haɗiye tun la'asar ya taso gaba ɗaya. Ban san lokacin da na ratsa tsakiyar fili da babbar riga ba. Na ce, "Kai tsoho, nan hanyar kasuwa ce? Duk faɗin duniyar nan ka rasa inda za ka tambayi zazzaɓi sai bakin raga?" Na haɗa masa da wasu kalmomi da ba zan sa a takarda ba. Filin da ma shiru yake, don haka babu kunnen da bai ji ba, har liman.

Sai dattawa suka fara tashi. Wani ya miƙe ya kaɗe rigarsa, wani ya bi. Abokina na coci ya zo wucewa ya ce a hankali, "Ka gayyaci mutane ka zage su, ka kyauta." Kuma tunda uba ya tashi, dole ɗa ya ɗauki kujera da tabarma ya bi shi. Haka na tsaya ina kallon taron da na tara yana fita layi-layi. Samarin suna kai kujerun gida suka zarce tasha da gudu. Da aka dawo hutu babu kowa sai mu 'yan benci, da baƙi da gangarsu, da awaki. Mai filin ya dubi gabas ya dubi yamma, ya tayar da babur ɗinsa. Ko sallama bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba, ko da yake shi ma ina jin haushinsa.

Ruwan farko na sauka shanu suka shiga. Sandunan ragar da muka kafa da hannunmu aka tuge aka jingina da mangwaro. Masara ta yi kyau a wurin, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Yaran kulob suka watse, masu ƙafa a cikinsu suka koma bugawa a Hunkuyi. Na je na ba surukin gola haƙuri, don matata ta ce ba za ta ƙara zuba mini tuwo ba sai na je. Ya haƙura, ya kuma tambaye ni wai a ƙarshe wa ya ci.

Asabar, ranar da muka saba wasa, ta riƙa zuwa ba ni da wurin zuwa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ihu duk mako, a ce ya zauna a ƙofar gida yana korar ƙuda. Wata Asabar da yamma na kasa daurewa, na ja sandata na nufi tasha. Na ce bari in ga abin da ya cinye mana fili. Tun daga nesa nake jin rumfar tana girgiza: ihu, fito, buga benci, zagi irin na gaske, wanda na daɗe ban ji mai daɗinsa ba. Wani yana gaya wa golan Turawa maganar da ko ni sai na yi shiri kafin in faɗe ta. Jikina har ya fara ɗumi.

Na ɗaga labulen buhu na shiga. Na kusa da ƙofa ya gan ni, ya miƙe, ya cire abin da ke bakinsa ya ɓoye. Na gaba da shi ya miƙe. "Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni, Baba." Aka share mini benci na gaba, aka ba ni wuri mai faɗi kamar ina da ƙaiƙayi. Na zauna. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar janareta da Baturen da ke surutu a talabijin. Aka zura ƙwallo, wata irin ƙwallo daga nesa, na ga yara suna cije leɓe suna matse gwiwa.

Can mai gidan kallon ya lallaɓo, jikan wani abokina ne. Ya tsugunna a gefena, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Baba, don girman Allah, ko za ka ɗan fita su samu su yi ihu?"