Mutum Uku, Ranar Haihuwa Ɗaya

Na zauna Abijan, na yi ƙwadago a Sabha, na sha zuwa Kano, amma abin da na gani a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Magarya ba zai taɓa fita raina ba.

Kamfanin na da malamar lafiya guda mai kula da ma'aikata. Ita ke duba masu tari saboda ƙurar ɓawo, ta ɗaure hannun da inji ya ji wa ciwo. Gara ta fara cin takardunta, sai aka ce a zuba su a odinata, wato kwamfuta. Manhaja biyu aka kawo, aka kira ni zaɓe don ina jin Faransanci da Ingilishi.

Ta farko ta burge ni, irin wadda na gani a asibitocin waje ce, har tana tuna wa mutum ranar awo. Ta biyu kuwa ba ado. Bakina na kan cewa a ɗauki ta farko, malamar ta ce, "Baba Alhaji, a bari in gwada ta da mutanena."

Ta shigar da ma'aikata uku. Sunansu ɗaya, na ubanninsu ɗaya, kuma da yake a gida aka haife su, takardun haihuwarsu duk ɗaya ga Janairu, shekara guda. Na jawo kujera ina son ganin yadda za ta ƙare. Manhajar ta dunƙule su mutum ɗaya. Ɗayansu, ɗan garin Yekuwa, jikinsa ba ya ɗaukar allurar penisilin, an taɓa yi masa numfashi ya gagare shi. Gargaɗin nan ya ɓace.

Mai tallar manhajar, da yake yana wurin, ya ce sai a gyara ranakun. Malamar ta ce, "To Mushe, yallaɓai, ga amalanke, je ka tambayi tsohuwar kowannensu ranar da ta haihu." Har shi sai da ya yi dariya.

Ta biyu na da wurin laƙabi da ƙauye da hoto, kuma ko ba rezo, wato sabis na waya, tana aiki. Mutum uku suka fito uku. Ita muka ɗauka.

Bayan damina malamar ta tafi hutun haihuwa. Ɗan Yekuwa ya yanke a inji, baƙon malamin da ya riƙe wurin ya zuƙo penisilin, ya leƙa odinata, ya ga hotonsa da jan rubutu na gargaɗi. Ya ajiye allurar.

Tun ranar, in an nuna mini na'ura, na daina tambayar abin da ta iya a ƙasar da aka ƙera ta. Mai aiki da ita nake tambaya ko ta gane mutanenmu.