Guɗar da Na Karɓa a Indabo

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da gwaggona, da jakar alawa da ƙullin goro. An sa ranar auren ƙanwata, shi ne Umma ta ce mu kai wa dangi na Wudil rabonsu, kada su ji a bakin duniya. Ni aka zaɓa wai don na san gidaje. Ƙanwar nan shekara bakwai na ba ta, ni na goya ta, ni na koya mata ɗaurin ɗankwali. Ga ni da alawarta a cinya, ita tana gida tana sharar barci. Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi nake ji tun daga tasha.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma duk da haka mu huɗu direba ya cusa a baya. Hanya dai ba laifi, gero da dawa sun yi shar hagu da dama. Da muka hau gadar Wudil ruwa ya cika ya yi ja, masu ɗiban yashi suna ta fama a kwalekwale. Muna sauka masu soyayyen kifi suka yi mana caa da farantai. Gwaggo ta tsaya ciniki kamar saniya za ta saya, ƙarshe ta ɗauki biyu ta ce gishiri ya yi yawa, ta kuma cinye tas.

Gidan kawu muka fara, wanda yake aiki a jami'a. Matarsa na ganin alawa a hannuna ta rungume ni tana cewa Allah ya yi. Gwaggo, da bakinta ba ya jira, ta ce, "Ba ita ba ce, ƙaramar ce." Matar ta sake ni a hankali, ta ce Allah ya kawo nawa. Gida biyar muka shiga, gida biyar aka yi haka. Laifinsu ne? Babba aka sani da fara fita. Ni kuwa ina ta yaƙe, ina amsa amin har haƙorana suka gaji.

Da azahar gwiwar gwaggo ta ƙi, ta ce in ƙarasa Indabo ni kaɗai wajen Iya, mahaifiyar Umma. Na hau babur. Hanyar ta sha ruwa, sau biyu ina sauka in tattare zani in taka.

Na tarar da Iya a tsakar gida tana gyaran kuɓewa. Muka gaisa, ta tambayi kowa har da akuyar da ta ba Umma. Da na ajiye goro da alawa a gabanta sai ta kama hannuna ta riƙe gam, hawaye na zuba. Ta ce kullum roƙonta kada Allah ya ɗauke ta ba ta ga wannan rana tawa ba. Jama'a, bakina na buɗe zan gyara. Babu gwaggo a gefe. Sai na rufe.

Iya ta leƙa katanga ta kira maƙwabta. Wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa mini guɗa har kaji suka watse. Aka dama mini fura da nono mai kauri, aka hana ni ko ɗaga kwano. Wallahi na ji daɗi, daɗin da ban ji ba tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwar yarinyar nan. Da aka tambaye ni angon ɗan ina ne, mijin ƙanwata na kwatanta, har da tsayinsa da aikinsa.

Bayan an watse Iya ta sa na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da zanen saƙi baƙi, yana warin ajiya. Ta ce ranar sunana ta saye shi, ta yi alkawari ba zai fita ɗakin ba sai da labarin aurena. Ta ɗora mini a cinya.

Na ce, "Iya, ba ni ba ce. Ƙanwata aka sa wa rana."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauke zanen ta ninke, ta ce, "To mayar da akwatin. Na jira duk shekarun nan, zan ƙara jira." Na ce maƙwabta fa? Ta ce, "Bar ni da su. Zan ce ni na ruɗe, tsufa ne."

Ta kama kaza ta ɗaure ƙafafu ta ce in kai wa amarya. Haka na dawo Wudil da kaza a hammata. Gwaggo ta tambayi yadda na samu Iya, na ce lafiya lau. Har Kano gyangyaɗi ta yi ta yi a kafaɗata.

Mun iso ana kiran magariba. Ƙanwata ta taro ni da gudu, ta karɓe kaza tana dariya. "Yaya, Iya ta yi murna? An yi guɗa?" Na ce an yi sosai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne. Na ɗauka ƙyashi a ciki yake zama, ba ya taɓa kowa. Nawa ya sa tsohuwa mai furfura ta bi gida-gida tana ƙaryata kanta. Guɗar nan kuma ta ƙanwata ce na tare a hanya, kuma har yau na kasa gaya mata.