Goggo Wiesia da Filin da Ruwa Ke Ci

Goggo Wiesia yayar babana ce, shekararta sittin da ɗaya, kuma duk wanda zai sayar da fili a bakin tafkinmu gidanta yake fara zuwa. Ba ta da ofis ba ta da allo a bakin titi, abin da take da shi kawai tsohuwar mota da takalman roba ƙafa takwas a bayanta, na manya da na yara. Da can tatsar shanu take a gonar gwamnati, da aka rufe gonar ta koma rabon wasiƙu a keke, shekara goma sha tara tana zagaya tafkin nan ko ana ƙanƙara ko ana ruwa, shi ya sa babu filin da ba ta san halinsa ba. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ba su haihu ba. Harkar filin ma ba ita ta nema ba, wata tsohuwa ce ta ce Wiesia ke da kike ganin mutane samo min mai sayen makiyayar nan, ta samo, shi ke nan magana ta bazu.

Amma fa tana da doka guda, ba ta nuna fili sai a watan Afrilu, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke tafki ya cika ya tumbatsa. Su kuwa 'yan Warszawa, babban birninmu, a Agusta suke zuwa, rana ta fito ciyawa ta bushe ko'ina ya yi kyau kamar hoton kalanda, su tsaya da gajeren wando suna cewa nan za mu sa ɗakin hutu nan za mu riƙa gasa nama. Goggo sai ta ba su shayi ta ce ku dawo idan shamuwa ta dawo. Wasu su yi fushi su tafi wajen dillalan garin Giżycko, wasu su dawo ta sa musu takalmin roba ta zagaya da su cikin taɓo, kuma har yau ba wanda ya saya a hannunta ya dawo yana zaginta.

To babana, Mietek, yana da fili a bakin ruwa wanda ya gada, kuma duk shekara tsakiyar Afrilu yake hawa bas ya tafi aikin gona Jamus sai Oktoba mu gan shi, shekara goma sha huɗu ke nan, bayansa ya lalace har safa Mama ke sa masa. Burinsa ɗaya ne, ya sayar da filin ya sayi kwale-kwale uku ya riƙa ba 'yan hutu haya ya zauna a gida. Bara a Agusta ya zo hutun sati ɗaya, sai ga wani likitan haƙori ana ce masa Pan Sobieraj da matarsa sun tsaya da mota sun ga filin sun mace a kansa, a tsaye mutumin ya faɗi farashin da sai da Baba ya dafa shinge. Baba ya kawo su wajen Goggo don ita ta san hanyar takardu, ya ja ta gefe ya ce Yaya takarda kawai za ki yi, ban da surutu.

Goggo ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba, ta ce mu je in gani.

Da aka isa ta ce, "Yallaɓai, a ina za ka yi ginin?"

Ya tafi can dab da ruwa ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Nan. In na buɗe ƙofa da safe in ga ruwa."

"Za ka gan shi kuwa," in ji Goggo. "Ka iya iyo?"

Matar ta yi dariya don ta ɗauka wasa ne. Goggo ta kama hannunta ta kai ta sama wajen tudu ta nuna mata tarin ƙasar da ɓeran tono ke turowa, ta ce duba nan sun cika ko'ina, yanzu bi ni ƙasa. Suka yi taku kamar talatin sai tarin ya ƙare ƙaf kamar an ja layi. Ta ce ɓeran nan ba ya gina gida inda ruwa zai ci shi, daga nan zuwa bakin tafki wata biyu a shekara kifi ne ke kiwo. Ta kuma nuna musu jikin bishiya inda ruwa ya bar zane daidai ƙuguna. Tudun kuwa ƙarami ne, gidan da likita yake so ba zai zauna a kai ba. Mutumin ya yi godiya har da sumbatar hannunta, suka shiga mota, ko waige ba su yi ba.

Baba ya jira ƙurar motar ta kwanta sannan ya ce, "Yaya, wa ya tambaye ki?"

"Bai tambaya ba don bai san abin tambaya ba."

"Ni ne ɗan'uwanki ko shi?"

"Kai ne, auta. Shi ya sa ba zan bari a riƙa nuna ka da baki a coci ba."

"Su nuna mana, bakinsu ne zai sa min safa?"

Goggo ta ce, "Ka ba ni zuwa Afrilu, kafin bas ɗinka ya tashi zan sayar maka da shi, kuma a cikin ruwan zan sayar."

Baba ya ce ta sayar wa kwaɗi, ya koma Jamus bai yi mata sallama ba. Da ya dawo a Oktoba in ya hango motarta sai ya shige rumbu. Ko a jajibirin Kirsimeti da ake gutsura wa juna farin burodi na al'ada a yafe wa juna, ya gutsura mata amma idonsa na kan kifin da ke faranti. Ita kuwa ko a jikinta, ta ci pierogi, wato ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, har goma sha biyu ta ce wa Mama gishiri ya yi kaɗan.

Abin da ba mu sani ba, ashe tun kaka Goggo take aiki. Akwai wani ƙaramin kogi da ke faɗawa tafki a gefen filin Baba, 'yan hutu na gangarowa ta cikinsa a ƙananan kwale-kwale na mutum biyu, kuma duk inda suka ce za su fito su kwana manoma korarsu suke don suna tattake ciyawa. Goggo ta bi ta gano mai ba su hayan kwale-kwalen, wata mata Jagoda Ruta da ke can saman kogi, ta aika mata hoton filin, ba na Agusta ba, na lokacin da ya zama tafki har agwagi na yawo a kai. A shagon ƙauye aka yi ta mata tsiya, mai shagon ya ce Wiesia yanzu ruwa kike sayarwa, lita nawa nawa? Ta ce kai dai riƙe kwalabenka, naka ruwan ne ke kayar da mutane.

Da Afrilu ya kama, ranar wata Alhamis aka yi da Jagoda za ta zo, bas ɗin Baba kuma Asabar da safe, jakarsa ma a ɗaure take a bakin ƙofa. Da ƙyar Mama ta tura shi ya je. Yana tsaye a kan tudu da Goggo, ruwa ya shanye filin har gindin tudun, iska mai sanyi tana kaɗawa, suna ta kallon hanya ba mota ba alamar mota. Baba ya ce kin gani ko, ko kwaɗin ma ba su zo ba. Sai suka ji ana gaisuwa ta bayansu. Ashe ta kogi matar ta biyo, ta tuƙo kwale-kwalenta ta kan filin ta bi ta saman shingen da ruwa ya rufe ta zo ta tsaya a gaban takalmin Baba.

Ta fito, gajeruwa ce kakkaura, ta zagaya tudun tana ƙirga taku ta ce tanti goma sha biyu zai ɗauka. Ta tambayi yaushe ruwan ke janyewa, Goggo ta ce ƙarshen Mayu, wata shekarar ya kai satin farko na Yuni, kuma sauro akwai shi ba ƙarya. Jagoda ta ce baƙina sai ƙarshen Yuni suke fara zuwa, ni ba gini zan yi ba, bakin ruwa marar gangare nake nema shekara uku ke nan. Ta faɗi farashinta, bai kai na likita ba, ya yi ƙasa sosai, fuskar Baba ta canza. Goggo ba ta ko kalle shi ba ta ce, "Ƙanwata, in baƙinki sun sauka nan wa zai mayar miki da kwale-kwalen can saman kogi?"

"Shi ne ciwon kaina, Anti. Direbana ya tafi Norway."

"Ga mai tarakta da tirela a gabanki, gidansa minti biyar. Kuma zai ajiye nasa kwale-kwalen haya a wancan gefen, a rubuta a takarda."

Jagoda ta dubi Baba sama da ƙasa ta ce in ya yarda ta yarda.

Baba ya ja Goggo gefe, wai a hankali yake magana amma har agwagi sun ji. "Ni zan zama yaron wata a filin ubana?"

"A Jamus yaron wa kake?"

Goggo ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba.

"Can kana duƙe daga asuba kana cirar wa wani kayan miya, nan kana zaune a kan tarakta kana cin abincin matarka. Kwale-kwale uku kake so, wannan kuɗin biyu zai saya, na ukun ka nema da guminka. In kuma ba ka so ga jakarka can a ɗaure."

Baba ya daɗe yana kallon ruwan, ya cire hula ya mayar, sannan ya je ya miƙa wa Jagoda hannu ya ce amma fa ba na aiki ranar Lahadi kafin a taso daga coci.

Ranar Asabar bas ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi hon sau biyu, Baba ya fita da silifas da rigar barci, ya miƙa wa direba kwalbar kokwamba mai tsami ya ce a raba wa maza a hanya, kujerata a ba wani. Mutanen ciki suna ta buga gilashi suna masa tsiya wai yayarsa ta ɗaure shi a turke, shi dai yana ɗaga musu hannu har suka sha kwana. Bai ba Goggo haƙuri ba kuma na san ba zai bayar ba, amma da rana ya ɗauki tsani da guduma ya tafi gidanta ya hau rufin da ke mata yoyo tun bara, tana ƙasa tana ce masa ba nan ba ne auta, matsa hagu.