Icce Guda

Jiya ɗiyata ta dawo daga makaranta da labari, wai Turawa na da wata kalma da asalinta tafasar tukunya ce, daga baya suka mayar da ita ta fushi. Na yi dariya. Kakata ba ta san boko ba, amma ta riga malaminsu sanin wannan.

Daddawar batso take yi a Gangara. Bayan kaka, in an sussuke gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, wuni ake yi ana dafa shi a bayan ɗaki, warin har cikin zane. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata wutar nan.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, mai baki kamar reza. Wata safiya a bakin rijiya ta faɗa wa 'yan mata wai har yanzu ina fitsarin kwance. Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Ni kuwa na taɓa jin manya na raɗa cewa an kama ubanta da damin geron wani. Da na faɗi wannan a bainar jama'a, da gidanmu da nasu sun rabu ke nan. Na kai ruwa gida na dire tulu, na juya zan koma rijiya.

Kaka ta tare ni a ƙofa. "Ina za ki?"

"Za ni in gaya mata abin da ubanta yay yi."

Ba ta hana ni ba. Ta ce, "Tsare min wutag ga tukuna. In ta tahwaso, kak ki ruhe, kak ki zuba ruwa. Jaye icce guda."

Na zauna ina huci. Kumfa ya taso, na janye icce, ya kwanta. Ya sake tasowa, na sake janyewa. Kafin la'asar gurguzu ya nuna, ni kuma yunwa kawai nake ji. Wallahi har yau ban ga mai dabarar Kaka ba.

Yanzu a kan gas nake girki, ba iccen janyewa. Shekarar da zama ya gagara a ƙauye, taubashiyar nan ce ta buɗe mana ɗakinta a garin Isa, ni da 'ya'yana huɗu. Har gobe tana tsokana ta da zancen tabarma. Abin da na kusa faɗa ranar kuwa, ba ta taɓa jin sa ba.