Turaren Hajiya a Cikin Talabijin

Har gobe ban manta da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, shekara biyu bayan na ajiye alli. Kimiyya na koyar. Da na yi ritaya sai na koma gyaran tsofaffin talabijin masu ƙusumbi, don su ba sa satar amsa.

Hajiya Tabawa, matar marigayi maƙwabcina a Gyadi-Gyadi, ta aiko a kira ni. Talabijin ɗin maigidanta ne ke huci kamar kububuwa, hoto ya yi rawa, ya ɗauke. Masu gyara biyu a Tarauni sun ce tiransifoma ta mutu, kuma babu irinta a kasuwa. Ɗanta Nura har ya kira ɗan gwangwan, yana ƙofar gida da baro.

"Baba Malam, likita biyu fa sun sallame shi," in ji Nura.

Na ce, "To a bar ɗan koyo ya taɓa jijiya kafin a haƙa kabari."

Ga ƙa'idar aikin: wutar da ke haska kwalbar talabijin mai tsananin ƙarfi ce, in ta sami hanya sai ta yi tsalle. Na buɗe baya, na sa aka saki labule, na kunna, hannuna ɗaya a aljihu don kada wuta ta ratsa ƙirjina. Cikin duhun sai ga shuɗin tartsatsi yana rarrafowa daga ƙarƙashin robar da ke manne a jikin kwalba.

Na kashe, na zare soket, na sauke ragowar wutar da sukudireba mai waya, domin kwalba tana riƙe wuta kamar mai riƙo. Na shafa wurin: baƙin maiƙo. Na shinshina. Ƙamshi!

"Hajiya, ina kike ajiye kaskon turare?"

"Ƙarƙashin teburin nan, Malam. Nan Alhaji yake zama ya ji labarai. Ban fasa ba ko rana ɗaya."

Hayaƙin shekaru ya kwanta, danshi ya jiƙa shi, wuta ta sami titi. Na goge da sifirit, na busar, na shafa man kariya. Hoto ya tsaya cak. Ɗan gwangwan ya tura baronsa wayam, Nura na sosa ƙeya.

Ban hana ta turare ba, gefen kujerar Alhaji na mayar da kaskon. Tun ranar nake gaya wa masu koyo: kafin ka tambayi mitar gwajin wuta, tambayi masu gidan. Abokan sana'ata sun auna komai daidai. Hanci ne kawai ba su kai ba.