Kukan Amalanken Malam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam mai amalanken shanu, a ƙauyenmu da ke gefen Toranke. Allah Ya kai haske kabarinsa. Sai da na yi jikoki na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da ni in na tafi a hankali.

Amalankensa yana da kuka. Daga ƙafar hagu yake fitowa, siriri, ana jiyo shi tun daga bakin rijiya. Mu matan cikin gida ba ma ganin hanya, da kunne muke sanin mai wucewa. Ranar kasuwar Ajingi, da an ji kukan nan, mai ƙuli-ƙuli ta ɗaure kayanta, mai gyaɗa ta miƙo tata ta kan danga. Malam ya sayar musu, ya sayo musu gishiri da manja. Har yau in iska ta kaɗa tsamiyar ƙofar gida, nakan dakata da tsintsiya a hannu, kamar ga shi nan tafe.

Lokacin man fetur yana da araha, motoci da babura suka cika hanya, aka dinga tsokanarsa wai sai kasuwa ta watse zai isa. Sai ya ce, "Ku je, Allah Ya kiyaye hanya. Shanuna dai ba sa bin layin gidan mai." Da ya rasu, shanun suka tafi a rabon gado. Amalanken ya zauna gindin tsamiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. 'Yan gwangwan sun zo taya shi, na ce ba yanzu ba.

Nakan ce, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Ga sola a kan rufin masallaci. Rediyo na cewa duniya na son rage hayaƙi, wai shi ke rikita mana damina. An cire tallafin mai, kuɗin mota ya cinye ribar mai ƙuli-ƙuli tun ba ta kai kasuwa ba. Ina jin murmushi kawai zai yi, ya tambayi farashin harawa.

Autana Habibu ɗan acaɓa ne. Da mai ya yi tsada, fasinja suka koma tafiyar ƙasa, ya jingine babur, ya haɗa jaka zai tafi Legas. Shi kaɗai ya rage mini a gida. Ban hana shi ba, na dai roƙe shi kasuwa biyu: ya gwada amalanken ubansa, in bai karɓe shi ba ya tafi da albarkata. Ya aro bijimai biyu wurin baffansa, ya sa tayoyi, ya shafe ƙafafun da baƙin mai har suna sheƙi.

Ranar kasuwar farko ya ratsa ƙauyen nan shiru kamar inuwa. Ko mace ɗaya ba ta miƙo kaya ba. Ya dawo da la'asar ya zauna kusa da jakarsa.

"Inna, kin gani? Ko kaza ba ta kalle ni ba. Zamanin Baba ya wuce."

"Ɗan nan, wa ya ji ka? Ka toshe wa amalanken baki, kuma kana so a amsa?"

Sai a ranar na gane abin da ya sa Malam, mutumin da ko igiya ba ya bari ta tsufa, bai taɓa ɗiga wa ƙafar hagu mai ba. Na jiƙa toka na ba Habibu, ya wanke ƙafar yana gunaguni.

Kasuwa ta biyu, ina ɗaki da safe, na ji shi. Siriri, daga bakin rijiya. Na rufe ido. Sai ga muryar maƙwabciyata Hajiya Ladi, wadda ƙafa ta hana fita, ta kan danga: "Mai amalanke, tsaya! Allah Ya jiƙan ubanka, tsaya!"

Malam bai bar mana kadara mai yawa ba. Ya bar kukan da matan ƙauye suka riƙe a kunne shekara goma sha ɗaya. Ban san inda farashin mai zai kai mu ba. Jakar Habibu dai tana rataye a ƙusa, jiya ma na ga gizo-gizo ya fara saƙa a hannunta.