Tagar Alhajin Gidan Baya

Ko me zan manta a duniya, ban da wata la'asar ta Laraba a Nassarawa GRA. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni tashin unguwar Gama ne, inda ko tari ka yi sai an ce maka sannu ta katanga. Wurin aiki suka ba ni gida a GRA, na tare, nan da nan na koyi gaisuwa da hon ɗin mota. Abokiyar hirata a lokacin jita ce, irin mai farantin ƙarfe a cikinta, wadda aka ƙera don ta yi amo ba tare da lantarki ba. Tsofaffin kiɗan jaz nake bi da ita, waɗanda duk makaɗin jaz ya haddace. Kullum bayan la'asar sai in fito baranda in yi ta yi, ni a dole gwani.

Ranar nan na samo kan wani kiɗa mai sauri da ya yi makonni yana wahalar da ni. Ina cikin zuba shi sai maigadinmu, wani dattijo mutumin Jigawa, ya matso ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, da ka ɗan..."

Ko kallonsa ban yi ba, kai kawai na girgiza masa. Ya koma, ya sake dawowa ya tsaya. Sai da na maimaita kiɗan sau uku sannan na ce, "To Baba, mene ne kuma?"

"Alhajin gidan baya ne Allah Ya yi wa rasuwa da safe. Tun azahar aka dawo daga maƙabarta. Ga su nan zaune a jikin katangar nan."

Na ajiye jitar. Ƙofar gidan a wani layin take, ko mota ɗaya ban gani ba. Na zari hula na zagaya. Tabarmi a shimfiɗe, dattawa a jere ana ta addu'a, kuma daga inda suke ana hango rufin barandata. Na durƙusa gaban ƙanin mamacin na yi ta'aziyya.

"Alhaji, ni ne mai kiɗan nan. Wallahi ban sani ba. A yafe ni."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Da ma faɗan ya yi mini.

"Au, kai ne?" in ji shi. "Wata bakwai Yaya yana kwance a ɗakin can. Kullum la'asar sai ya ce a buɗe masa taga, mai jitarsa ya fito. Wai irin kiɗan da yake ji ne lokacin yana karatu a waje. Ya sha cewa a kira masa kai ku gaisa. Mu kuma ba mu san ka ba, muka ce kada a takura maka."

Shekara ɗaya da rabi, katanga ɗaya ce tsakanina da bawan Allahn nan, ban taɓa zagayawa na ce masa ina kwana ba.

Kunyar kiɗa a kan masu makoki ta ragu da kwanaki. Wannan ɗayar ce ta ƙi barina. Tun daga ranar, duk inda na tare sai na yi sallama a gidan dama da na hagu da na baya kafin in kwance kaya. Maƙwabci dai a je a gaishe shi tun yana iya amsawa.